Ƙafar Mota da Ƙasar da Take Takawa

Jawabin da wani ɗalibin sashen injiniya ya gabatar a zaman hutu na ɗalibai 'yan Kazaure da Babura da Roni da Gwiwa



Sa'ad da aka sanar da ni cewa ina cikin masu magana a wannan zama, sai na tambayi sakatare ko a kan me ake so in yi jawabi. Ya ce in zaɓi abin da na sani. To, abin da na sani ba shi da yawa, kuma ga shi nan a kan tebur kuna gani: mota ce wadda tsawonta bai kai kamu guda ba, nauyinta kimanin kilo ɗaya da rabi, ana tuƙa ta da rimot daga nesa. Na hangi waɗansu daga cikin yayyenmu suna murmushi, watakila suna cewa a ransu an tura yaro jami'a ya dawo da kayan wasa. Ina roƙon ku ba ni aron kunnuwanku na ɗan lokaci, domin ba saurin motar zan yi magana a kai ba, ba kuma rimot ɗin ba. Maganata a kan ƙafarta ce, watau sifirin da shokozoba da hannuwan da ke riƙe da tayoyi, abin da makanikanmu ke nufi idan sun ce mota tana bukatar aikin ƙafa.

Kusan duk namijin da ke cikin ɗakin nan ya taɓa ƙera mota yana yaro, ko ta kara, ko ta gwangwanin madara, ko ta waya mai dogon sitiyari wadda ake turawa ana bin ta a baya. Duk wanda ya yi wannan ya san wata matsala guda. Idan ka ɗaure tayoyi huɗu kam a jikin mota, ka ɗora ta a ƙasar da ba ta daidaita ba, a kan uku za ta tsaya, ɗaya tana lilo a sama. Yaran da suka fi mu wayo sukan yanko robar tiyub su rataye sandar tayoyin da ita, waɗansu kuma su kwance biro su cire ɗan sifirin ɗin da ke ciki. Ba wanda ya koya musu sunan abin da suke yi, amma shi ne ainihin aikin da injiniyoyin kamfanonin motoci ke karɓar albashi a kansa. Mutane da yawa sun ɗauka an sa wa mota sifirin ne don jin daɗin fasinja. Jin daɗin yana nan, amma a baya ya zo. Babban aikin ƙafar mota shi ne ta riƙe taya a manne da ƙasa, domin tayar da ke sama ba ta juya mota, ba ta tura ta, ba ta kuma tsayar da ita komai ƙarfin birki.

Waɗannan ƙananan motoci ba jiya aka fara su ba. Kamfanin Tamiya na ƙasar Japan ya fito da motarsa ta farko mai rimot a 1976, wadda aka kwaikwayi Porsche 934 wajen ƙera ta, sa'an nan a 1979 ya fito da Rough Rider wadda aka yi domin gudu a kan turɓaya. A wannan shekara ta 1979 ce kuma aka kafa ƙungiyar IFMAR mai shirya gasar duniya ta irin waɗannan motoci. A 1984 kamfanin Associated Electrics na Amurka ya fito da RC10, mai shokozoba cike da mai da hannuwan da ake iya daidaitawa, wadda ta zama abin koyi ga masu ƙera motocin tsere na turɓaya da suka biyo baya. Wannan da ke gabanku jikarsu ce, girmanta kashi ɗaya cikin goma na babbar mota. Ku riƙe wannan lissafi, domin ma'anarsa ita ce tsakuwa mai tsayin santimita 2 a wurinta daidai take da dutse mai santimita 20 a gaban motar haya.

Wani yayana ne ya sayo mini ita a gwanjo a Kano, ba kwali, ba takarda. Na nemo littafin bayaninta a intanet, na daidaita komai yadda aka rubuta, na fita da ita wani fili a bayan garin Kazaure, inda ƙasa ke da tauri ga tsakuwa. Ban yi zagaye uku ba ta kife. Na tashe ta, ta sake kifewa. In ta hau ƙaramin tudu sai ta yi ta tsalle kamar ɗan akuya, kafin ta natsu ta riga ta bar hanya. Na koma na duba lambobin nan ɗaya bayan ɗaya, ban sami kuskure ba. Sai daga baya na gane cewa lambobin ba su da laifi, ni ma ban yi kuskuren karatu ba. Waɗanda suka rubuta su a kan wata ƙasa dabam suka gwada, filin tsere da aka share aka yayyafa wa ruwa aka daddaɓe. Ba su taɓa ganin bayan garinmu a watan Maris ba.

Bari in fara da sifirin, tun da shi ne kowa ya sani. Robert Hooke na Ingila ya bayyana dokarsa a 1678, kuma duk wanda ya yi aji huɗu a sakandare ya haddace ta: gwargwadon nauyin da ka ɗora wa sifirin, gwargwadon lotsawar da zai yi; ka ninka nauyi, lotsawa ta ninka. Sifirin mai taushi yana barin taya ta bi kowane rami da kowane tudu, don haka ya fi dacewa da ƙasa mai gargada, amma yana barin jikin mota ya kwanta sosai a kwana, in kuma ta diro daga sama cikinta ya bugi ƙasa. Mai tauri yana riƙe jiki a miƙe, motar ta riƙa amsa sitiyari nan take, sai dai a kan tsakuwa tayoyin ba sa zama a ƙasa. Babu wanda ya fi wani a cikinsu. Ƙasar da za a taka ita ke zaɓe.

A nan ne na yi wautata ta farko. A jikin kowane shokozoba akwai wani zobe mai zare wanda ake murɗawa ya danne sifirin daga sama. Da na ga motar tana buga ciki, sai na murɗe zoben nan ƙasa sosai, a zatona na ƙara wa sifirin tauri. Alhali kuwa ba haka abin yake ba. Taurin sifirin yana cikin kaurin wayarsa da faɗin naɗinsa da yawan zagayensa, zobe ba ya canza ko ɗaya daga ciki. Abin da zobe ke canzawa shi ne tsayin mota daga ƙasa. Na ɗaga ta sama ke nan ban sani ba, nauyinta ya koma bisa, ta ƙara saurin kifewa. Irin wannan mota ta turɓaya akan bar tsakanin cikinta da ƙasa wajen milimita 20, a ɗan ƙara ko a rage gwargwadon fili, alhali 'yar'uwarta mai gudu a kan kwalta milimita 5 ko 6 ya ishe ta. Kuma ba a auna tsayin sai an sa batir, an ɗan danna motar an sake ta ta zauna da kanta. Ana so idan ta zauna ya zamana ta lotsa kimanin sulusin tafiyar ƙafarta, domin taya ta sami sararin sauka idan ta tarar da rami. Motar da ke tsaye a miƙe ƙyam, sifirin bai lotsa ko kaɗan ba, tayarta za ta iya hawa amma ba za ta iya sauka ba.

Jama'a, wannan zobe ba a motar wasa kaɗai yake ba. Ku duba shokozoban baya na babura da yawa da ke yawo a garuruwanmu, za ku ga wani ƙarfe mai matakala a gindin sifirin. Shi ne wannan zoben. An yi shi ne don a ɗaga bayan babur idan za a ɗauki goyo ko kaya, a sauke idan mutum shi kaɗai ne. Na tambayi masu babur da dama, kaɗan ne suka san amfaninsa.

Yanzu sai shokozoba, wanda a ganina shi ne zuciyar maganar, kuma shi aka fi jahilta. Sifirin ba ya cinye bugu, ajiye shi yake yi ya mayar. Ka danne shi ya ture ka, ya wuce inda ya fara, ya dawo, ya sake turawa, ya yi ta yi. Motar da ke da sifirin kaɗai, in ta taka dutse guda sai ta yi rawa sau huɗu ko biyar. Aikin shokozoba shi ne ya kashe wannan rawa. In kun kwance shi za ku tarar da abu mai sauƙi ƙwarai, kamar sirinjin allura: bututu cike da mai, da sanda, a kan sandar kuma wani ɗan faifai mai ƙananan ƙofofi biyu ko uku ko fi. Duk lokacin da taya ta hau ko ta sauka, dole man ya matsa ya bi ta cikin ƙofofin nan, wannan matsi kuwa shi ke mayar da ƙarfin bugun ya zama zafi ya watse. Ke nan abu biyu ne ke hannunka: kaurin mai da girman ƙofofi. Mai kauri ko ƙofa ƙarama suna sa ƙafa ta yi nawa. Mai tsinkakke ko ƙofa babba suna sa ta yi sauri. In ta cika sauri, motar ta koma tsalle. In ta cika nawa, taya ta hau tudu na farko, kafin ta dawo ta tarar da na biyu, ta ƙara lotsawa, har ƙafar ta ƙare motar ta zama kamar ba ta da sifirin sam.

Man da ake zubawa na silikon ne, ana sayar da shi da lamba, kamar 30 ko 35 ko 40, lamba na hawa kauri na ƙaruwa. Da nawa ya tsiyaye ban sami wani ba a kusa, sai na ce ai mai mai ne, na zuba baƙin mai na inji. Lokacin hunturu ne. Da sassafe motar ta sandare, in na danna ta sai ta taso a hankali kamar tsohon da ya daɗe a zaune. Da azahar, rana ta buɗe, sai ga ta tana tsalle. Mota ɗaya, fili ɗaya, yini ɗaya, hali biyu. Dalili shi ne baƙin mai yana yin kauri a sanyi yana tsinkewa a zafi, shi kuwa na silikon canjinsa kaɗan ne, shi ya sa aka zaɓe shi. Duk da haka ko shi ɗin yana jin zafinmu. A watan Afrilu, sa'ad da zafi ke haura digiri 40 a wannan yanki, man da ya yi daidai a Janairu yakan bukaci a ƙara masa lamba. Ga kuma ƙurar hunturu wadda ke manne wa sanda ta ci robar da ke tare mai, don haka goge sandar bayan kowane gudu ya zama dole.

Wanda ya buɗe mini ido a kan wannan ba malamin jami'a ba ne. Wani dattijon makanike ne a garin nan, wanda ya yi shekaru yana aikin ƙafar motocin haya masu bin hanyar Kano zuwa Daura. Na kai masa ita ina jin kunya. Ya karɓa ya juya ta, ya danna gabanta da yatsa biyu ya saki, ya danna baya ya saki, sai ya ce, "Ɗana, bayanta na rawa sau biyu, gabanta kuwa ya yi nauyi. Ba su yi shawara da juna ba." Na ce, "Baba, yaya aka yi ka gane, alhali ba ka taɓa ganin irinta ba?" Ya ce ai haka yake yi wa Fijo: ya danna kusurwa da ƙarfinsa ya saki, in ta taso ta tsaya shokozoba na da rai, in ta yi ta lilo ya mutu. Da na koma na bincika, sai na tarar masu tsere a ƙasashen waje gwajin da suke yi ke nan, sai dai su sukan ɗaga motar kimanin santimita 30 su sake ta: ana so ta sauka ta zauna lokaci guda, ba tsalle, ba kuma ƙarar bugun ciki.

Maganar da ya yi ta shawara tsakanin gaba da baya tana da zurfi. Idan mota ta shiga kwana, nauyinta yakan koma kan tayoyin waje, kuma ɓangaren da ya fi tauri, gaba ko baya, shi ke ɗaukar kaso mafi yawa na wannan ƙaura, shi ne kuma ke fara rasa riƙo. In gaba ya fi tauri, ka juya sitiyari motar ta ƙi juyawa, ta nufi waje da hanci. In baya ya fi tauri, sai gindi ya zame ya nemi wuce gaba. Na farkon ya fi sauƙin sarrafawa, na biyun ya fi haɗari. Don haka idan motarka ta ƙi shiga kwana, kada ka fara zargin sitiyari. Sassauta gaba tukuna.

Saura kusurwoyin taya, su kam ba zan daɗe a kansu ba, makanikai suna kiran aikin alaimen. Akan karkatar da saman taya ciki da digiri 1 ko 2, domin idan jiki ya kwanta a kwana tayar waje ta dawo ta zauna da duk faɗinta. Tayoyin baya kuma akan sa su ɗan kalli juna ta gaba, wajen digiri 3, don gindi ya natsu idan aka taka wuta. Ana gane an wuce gona da iri ta wurin duba yadda taya ke cinyewa: in gefen ciki kaɗai ya suɗe, karkatar ta yi yawa.

Abin da ya fi waɗannan duka wuya shi ne haƙuri. Da farko nakan canza mai da sifirin da tsayi gaba ɗaya, in motar ta gyaru ban san wanne ya gyara ta ba, in ta ɓaci ban san wanne zan mayar ba. Sai na sayi littafin rubutu na 'yan firamare, na shata zagaye guda da duwatsu, na sa ƙanena ya riƙe agogon waya. Abu guda nake canzawa, in yi zagaye biyar, in rubuta lokaci da yanayin rana da abin da idona ya gani. Sau da dama saitin da na ji ya fi daɗi a hannu agogo yakan ƙaryata shi. Da hutu ya zo na tafi da ita gidan kawuna a ƙasar Babura, kusa da iyakar Jamhuriyar Nijar, inda yashi ya fi yawa. Saitin da na yi wata guda ina nema a tsakuwar Kazaure ya tashi a banza: cikin motar na sharar yashi, dole na ɗaga ta, na kuma rage karkatar taya. Abokina ɗan Roni ya ce in zo in gwada tasu ƙasar mai duwatsu, na Gwiwa ma ya ce tasu dabam ce. Ƙananan hukumomi huɗu a kusurwa ɗaya ta Jihar Jigawa, amma littafina yana bukatar shafi dabam ga kowace.

To, ina wannan ya shafi yayyenmu da ke ofis? Ya shafe su, domin ba da daɗewa ba waɗansunku ne za su riƙa sa hannu a takardar sayen motar asibiti ko ta makaranta, da takardar gyaranta. Iyayenmu har yanzu suna yabon Fijo 504, wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, shekarar da ta ci gasar Safari ta Gabashin Afirka. Ba ƙarfin inji ya sa ta yi suna ba, akwai waɗanda suka fi ta. Ƙafarta ce mai doguwar tafiya da shokozoba masu juriya suka dace da hanyoyinmu. Mota mai ƙyalƙyali wadda aka saita domin kwaltar Turai, ƙasa-ƙasa da siririyar taya, in aka tura ta ƙauyukanmu da damina, abin da ya sami tawa a ranar farko shi zai same ta, sai dai ita da mutane a ciki.

Ku tsaya a bakin tasha ranar kasuwa ku dubi akori-kura da aka lafta wa buhuna. Gindinta ya zauna, hancinta ya ɗaga, nauyi ya bar tayoyin gaba, su ne kuwa masu juya mota, su ke yin mafi yawan aikin birki. Maganin da aka saba yi shi ne a ƙara ganyen sifirin a baya. Lalle gindi zai tashi, amma birki bai ƙaru ba, taya ba ta ƙaru ba, shokozoba kuma wanda aka yi domin sifirin mai taushi ba zai iya da wannan ba, in ma yana da sauran rai. Idan aka sauke kaya ta juyo fanko a kan gargada, bayan nan mai tauri sai ya yi ta tsalle, rabin lokaci tayoyin suna iska. In akuya ta gitta direba ya taka birki, birkin bai sami ƙasar da zai kama ba. Da yawa daga cikinmu mun shiga irin wannan mota, mun ji gindinta na zamewa a kwana, muka yi salati muka yi shiru. Shokozoba ya mutu mota ba ta tsayawa, ba ta hayaƙi, shi ya sa shi ne abu na ƙarshe da ake sauyawa, kuma a takardar gyara shi ne abu na farko da ake sokewa idan kuɗi sun gaza.

Mu kuma ɗalibai, an koya mana lissafin sifirin da mai kashe rawa a aji biyu, na ci jarrabawar, amma ban san kamannin abin ba sai da na zuba baƙin mai a wannan motar. Ga babbar makarantar fasaha ta Hussaini Adamu a garin nan, ga makarantun sakandare a dukan ƙananan hukumominmu, ga makanikai a kowace tasha. Shawarata ga wannan zama ita ce mu haɗa kuɗi mu sayi irin wannan mota guda biyu da kwalaben mai uku, mu riƙa zagayawa da su makarantu lokacin hutu, mu gayyaci makanike guda a kowane gari ya tsaya tare da mu, yaran da ke ƙera motar waya su riƙe littafi da agogo.

Na zo da motar, na zo da littafin, na kuma zo da sifirin kala biyu. Bayan sallar la'asar zan shata zagaye a filin da ke bayan wannan ɗaki. Zan saita ta da gangan yadda za ta ƙi shiga kwana, ba zan faɗi abin da na taɓa ba, wanda ya gano ya gyara shi ne zai fara tuƙawa.